Bakin Bindigar Raelene

Duk wanda ya san Kooralta ya san ba a neman Raelene Trengove a gida ranar Asabar da rana. Tana filin harbi, can bayan rumbunan sha'ir, kwance rub da ciki a gurbi na uku daga hagu, gurbin da ba wanda ya isa ya shimfiɗa tabarmarsa a ciki ko da ta makara. Shekara arba'in da ɗaya tana harbi da bindiga guda, tsohuwar ƙirar Ingila mai cin harsashi ɗaiɗai, irin wadda ba a fita farauta da ita, aikinta kawai huda takarda daga nisan mita hamsin. Harbi ashirin ake yi, kowanne maki goma in ya faɗa tsakiya. Mutanen kulob ba sa faɗin abin da mutum ya ci, sai abin da ya zubar, kuma Raelene ta yi shekaru tana zubar da biyu ko uku, wata ranar ma ko ɗaya ba ta zubarwa.

Sai abin ya fara zamewa. Biyar, shida, bara har tara ta zubar rana guda, a gaban baƙi daga Moonta. Harbin da ta san ta saki daidai, wanda jikinta ya gaya mata goma ne, sai ta leƙa madubin hangen nesa ta tarar da shi a gefe, yau hagu, gobe sama, ba shi da alƙibla. Duk shekara kulob yana tura mutum huɗu gasar jiha a Adelaide, kuma shekara talatin ba a taɓa rubuta sunayen huɗun nan babu nata ba. Bana Lyall Roach, shugaban kulob, ya same ta a wajen tukunyar shayi, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar Col mijinta, ya tambayi ruwan sama a gonarsu, kafin ya fito da maganar. Gurbi na huɗu, in ji shi, tsakaninta ne da Tegan. Za su kara Asabar ɗin ƙarshe ta watan Agusta, wadda ta ci ita za ta tafi. Sannan ya ƙara da cewa, ba don komai ba fa, akwai wani likitan ido mai kyau da yake zuwa Kadina duk wata.

"Idona lafiyarsa ƙalau, Lyall," ta ce. "Daga nan ina ganin gashin hancinka. Bindigar ce."

Ya ce to, ya yi irin murmushin nan mai ban haushi. Ta san abin da yake nufi. Duk tsohon da hannunsa ya fara rawa a kulob ɗin nan bindiga yake ɗora wa laifi, ko harsashi, ko iska, kuma ita da bakinta ta sha yi musu dariya. Ga shi yau tana da shekara sittin da uku an zo kanta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ko gezau, don ta san hannunta kuma ta san idonta.

Ita Tegan Hocking ba ruwanta a cikin maganar. Ma'aikaciya ce a asibitin dabbobi, shekararta biyu da shiga kulob, ba ta ma da bindigar kanta, da ta kulob mai lamba huɗu take harbi. Raelene ce ta koya mata kwanciya, da riƙe numfashi, da yadda ake lallaɓa kunama ba a fizge ta ba. Bindigogin kulob biyar ne, duk tsofaffi irin tata, kuma Raelene ce take goge su duk Asabar bayan an watse, shekara goma sha takwas ke nan, don a ganinta sauran ba su san me ake kira tsafta ba.

Ranar Litinin ta kulle bindigar a akwatinta, ta sa a akori-kura, ta kama hanyar Adelaide neman maƙeri. Mai shago na farko ya juya bindigar sau biyu, ya ce kai, rabonsa da ganin irinta tun kakansa yana raye, sannan ya nuna mata wata sabuwa 'yar Jamus mai ƙyalli da ke rataye a bango. Na biyu, wanda aikinsa bindigogin farautar barewa ne, ya ce zai baƙanta mata ƙarfen, ya goge ƙotar ta yi sheƙi, ta koma sabuwa fil. Har ya gama surutunsa bai leƙa cikin bututun ba ko sau ɗaya. Ta karɓe abarta daga hannunsa, ta ce masa ba biki za ta kai ta ba. Na uku mutumin kirki ne, ya saurare ta har ƙarshe, amma ya ce aikin da ke gabansa ba zai kai kan tata ba sai baɗi war haka. Mako bakwai ne ya rage mata.

Tana ƙoƙarin tayar da mota wani tsoho da ta gani zaune a shagon ya biyo ta, ya ƙwanƙwasa gilashi. Ya ce in irin wannan bindigar ce, mutum ɗaya ne ya rage a jihar nan da ya san cikinta, Clarrie Obst, can gaba da Eudunda, in dai bai mutu ba. Lambar waya? Tsohon ya yi dariya, ya ce shi rabonsa da Clarrie shekara goma sha biyu.

Da wata ce, da a nan ta haƙura. Raelene kuwa ta san duk Obst ɗin da ke wannan yankin ɗan cocin Lutheran ne tun daga kakanninsa, don haka da ta koma gida sai ta zauna da littafin waya, ta bi coci-cocin ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu matar fasto ta ce af, Clarrie, ai shi yake gyara musu ƙararrawa, yana nan da ransa, sai dai kunnen ya yi nauyi, ta ɗaga murya in ta kira.

Ta ɗaga murya kuwa, har Col ya fito daga banɗaki yana tambaya ko gobara ake. Clarrie ya ce ya daina karɓar aiki, shekararsa saba'in da tara, hannu ya yi sanyi. Ta ce ba ta tambaye shi shekarunsa ba, ta zayyana masa yadda harbin yake watsewa ba gefe guda ba. Ya tambayi tun yaushe bindigar take hannunta, ta faɗa masa.

"Ki zo Talata da safe, Misis Trengove," ya ce. "Ki zo da ita, da duk abin da yake taɓa ta."

Ta zo da komai: rigar harbi, safar hannu, maɗaurin kafaɗa, harsasai, mai, tsummoki, sandar goge ciki, da katunan harbinta na shekara biyar ɗaure da roba. Gidan yana ƙarshen wata hanyar tsakuwa, rumfar aikin tana baya, tana warin mai da ƙarfe. Clarrie ɗan ƙaramin tsoho ne mai manyan hannuwa. Matarsa ta ajiye musu shayi da kek irin na Jamusawan yankin, ta koma ciki. Abin da ya fara ba Raelene haushi shi ne bai ko buɗe akwatin bindigar ba. Ya baje sauran kayan a kan teburi, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, ya shinshina man, ya duba katunan ɗaya-ɗaya yana motsa leɓe. Da ya zo kan sandar sai ya tsaya. Sandar ƙarfe ce mai gaɓa uku da ake ɗaurawa, ta mahaifinta ce, da ita yake goge bindigarsa ta harbin zomaye. Clarrie ya bi gaɓoɓin da farcen babban yatsa, ya ce ta nuna masa yadda take yi.

Nan fa aka zo inda take taƙama. Ta kafa gindin bindigar a ƙasa, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta, ta naɗa tsumma, ta zura sandar ta baki, ta shiga kai da kawowa da ƙarfinta, sau ashirin cif, yadda mahaifinta ya koya mata tana 'yar shekara tara. Da ta ɗago sai ta ga tsohon ya runtse ido kamar mai ciwon haƙori. Ya tambaya sau nawa take yin haka. Ta ce duk Asabar, ba ta taɓa fashi ba, ko makon da ta haihu sai da ta sa Col ya kawo mata ita.

Clarrie ya miƙo hannu ya karɓa. Ya ɗaure bindigar a kan teburi, ya kunna fitila, ya miƙa mata gilashin ƙara girma, ya ce ta dubi bakin. Ta duba. Bakin da ya kamata ya zagaye daidai ya zaizaye ta gefe guda, kamar bakin rijiyar da igiya ta daɗe tana ci. Clarrie ya yi mata bayani a hankali. Bakin nan shi ne abu na ƙarshe da harsashi yake taɓawa kafin ya kama hanya. In ya zagaye daidai, iskar da ke turo harsashin takan fita ta kowane gefe lokaci guda. In gefe ɗaya ya cinye, sai ta riga fita ta nan, ta bugi gindin harsashin, shi kuma ya tafi inda ya ga dama. Kowace Asabar gaɓoɓin sandar nan suna ɗan gugar wurin, abin da ido ba zai gani ba, sai dai Asabar dubu biyu ba wasa ba ce.

Ta ce to ta ina mutum zai goge ta, tunda bayan a rufe yake? Ya kwance wani noti a gefe, ya zaro kayan cikin gaba ɗaya, ya ɗauki tsinke ya soki wani baƙin tabo a can baya wanda duk rayuwarta ta ɗauka ƙarfe ne. Sai ga toshiya ta faɗo, irin ta kwalbar giya, ta sha mai har ta yi baƙi ƙirin. Bayanta rami ne, a miƙe sak da bututun, wanda masu ƙirar suka huda musamman don sanda ta shiga ta baya. Wanda ya riƙe bindigar kafin ita ne ya toshe shi saboda ƙura, ya sayar mata bai faɗa ba.

Raelene ta daɗe tana kallon toshiyar nan a kan teburi. Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya, sai kuma wani abu mai kama da murna ya ture su duka.

"Ai na gaya musu," ta ce. "Bindigar ce."

"Bindigar ce, Misis Trengove," in ji Clarrie. "Amma ba ita ta yi wa kanta ba."

Ya ce zai yanke faɗin yatsa ɗaya daga bakin, ya fitar mata da sabon baki a inji, ya mayar da saitin gaba, ya wanke kunamar da mai ya daskare a ciki. Ƙotar kuwa ba zai taɓa ba, don ba katako ke harbi ba. Mako uku zai ɗauka, shi ba ya gaggawa, kuma ba ya haɗa aiki biyu. Sandar ya miƙo mata, ya ce ta kafa wa tumatir.

Ta fito tana jin kanta sakayau, ta tsaya a Eudunda ta sayi burodi mai nama da dankali, tana ci tana tuƙi tana shirya irin maganar da za ta yaɓa wa Lyall. Ta yi nisa, gonakin alkama kore shar hagu da dama, sandar tana ƙara a bayan kujera duk lokacin da mota ta faɗa rami, sai abin ya faɗo mata. Ta taka birki, ta gangara gefen hanya. Ai ba bindiga ɗaya sandar nan take shiga ba.

Washegari da hantsi ta je kulob ita kaɗai, tunda mabuɗin ma'ajiyar yana hannunta. Ta fito da bindigogin biyar, ta jera su a bakin taga, ta bi bakunansu da gilashin da take karanta takardar magani da shi. Duk sun zaizaye, kuma duk ta gefe guda, gefen da hannunta na dama yake karkata. Mai lamba huɗu ta fi sauran, don ita aka fi harbi da ita, ita kuma ta fi shan guga. Da wannan Tegan take zubar da biyar ko shida. Raelene ta zauna a kan benci. Ta tuna mutanen da suka shigo kulob ɗin nan da ɗoki a cikin shekara goma sha takwas, suka yi wata shida, suka ce su dai harbi ba nasu ba ne, suka daina zuwa. Ta tuna har da wanda ita da kanta ta ce masa ya koma wasan ƙwallo.

Ba wanda ya sani sai ita. Clarrie ba zai taɓa ta kulob ba sai ya gama tata, kuma lokacin ya ƙure. In ta yi shiru, za ta kwanta da bindiga mai sabon baki, Tegan ta kwanta da mai karkataccen baki, a tashi kowa ya ce tsohuwa ta dawo. Da ta gaya wa Col suna cin abincin rana, sai ya ce ai abin mai sauƙi ne, ta ci tukuna, ta je Adelaide ta dawo, sannan ta tuba a watan Satumba, lokacin yanayi ma ya fi daɗin tuba. Ta jefe shi da tsumman goge kwano. Amma gaskiyar magana, shawarar ta zauna mata a rai kwana da kwanaki, don tana son gurbin nan so ba na wasa ba.

Bayan mako uku ta koma wurin Clarrie. Yana da ɗan filin gwaji a bayan rumfa, mita hamsin zuwa gindin wani tudu. Ya ɗaure bindigar a teburi ya yi harbi goma, suka taka tare suka duba, rami ɗaya ne wanda kan yatsa zai rufe. Ya ce to, tasa ta ƙare, saura tata. Ta shimfiɗa tabarma a kan ciyawa mai raɓa, ta kwanta, ta yi ashirin. Duk harbin da ta ce goma ne, goma ta tarar. Biyun da ta zubar ta san su tun kafin ta leƙa, ita ta fizge. Ta tashi tana kakkaɓe gwiwa, ta kama hannun tsohon ta girgiza har ya ce ta sakar masa, da shi yake aiki. Ya ba ta sabuwar sanda mai gaɓa ɗaya, lulluɓe da roba, ya sa ta zura ta baya sau uku a gabansa kafin ya yarda ta tafi.

Asabar ɗin ƙarshe ta Agusta ta zo da sanyi da iska daga teku. An cika rumfar fiye da kullum, har da waɗanda rabonsu da harbi tun bara, don kowa yana son ya ga yadda za ta kaya. Ana cikin shan shayi Raelene ta shigo, ta ɗora tsohuwar sandar a kan teburi tsakanin kofuna, ta buga cokali a jikin tukunya. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta faɗi abin da Clarrie ya gano, ta faɗi abin da ta gani a bakin bindigogin kulob, ta ce ita ta yi, da hannunta, shekara goma sha takwas, kuma duk wanda ta taɓa yi wa faɗa a kan ƙazanta ya ɗauka ta janye.

Lyall ya ɗauko mai lamba huɗu, ya kai ta bakin taga, ya duba, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya. Wani daga baya ya ce ashe shi ya sa duk wanda bai iya goge bindiga ba a kulob ɗin nan ya fi iya harbi, aka fashe da dariya, har ita. Tegan ce kaɗai ba ta yi dariya ba, tana kallon bindigar da ke hannun Lyall kamar yau ta fara ganinta.

Raelene ta ce saura magana ɗaya. Ba za ta kara da kowa a kan karkataccen baki ba. Bindigarta za su yi amfani da ita su biyun, ɗaya bayan ɗaya, harsashi daga kwali guda. Tegan ta ce a'a, Rae, ba sai an yi haka ba, ita baɗi ma tana nan, kuma ƙotar ba ta saba da kafaɗarta ba.

"Ki rufe min baki ki je ki kwanta," in ji Raelene. "Rabin awa na ba ki ki saba da ita. Kuma kada ki ga kamar alheri nake miki. Cinye ki zan yi, so nake kawai in na cinye ki kada wani ya buɗe baki."

Lyall ya ce doka ba ta hana ba. Ya ƙara da cewa in an yi kunnen doki, gurbin yana nan a hannun mai riƙe da shi. Ya cilla kwandala sama, ta faɗa wa Raelene ta fara.

Ta kwanta a gurbinta. Tutocin iska suna kaɗawa daga dama, suna lafawa, suna sake tashi. Ta jira su, ta karance su, ta saki harbinta ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, kamar yadda ta yi shekara arba'in tana yi. Na sha ɗaya iska ta yaudare ta, na sha bakwai ita ta yi saurin saki. Sauran duk suna ciki. Ta zubar da biyu, abin da rabonta da shi a filin nan shekara shida. Da ta miƙe ta kalli Lyall, shi kuma ya cire hula ya ɗan rusuna.

Tegan ta kwanta. Raelene ta tsaya a bayanta da hannuwa a aljihu, tana jin kowane harbi a ƙirjinta. Yarinyar nan ta iya, ta iya fiye da yadda kowa ya sani, har ita kanta. Numfashin da ta koya mata, jiran iskar da ta koya mata, ga su nan duk ana yi mata da su. Rabi tana alfahari, rabi tana fatan iska ta juya.

Al'adar kulob ita ce abokan karawa su musanya kati, kowa ya ƙirga na ɗan'uwansa. Tegan ta duba na Raelene, ta rubuta an zubar da biyu, ta sa hannu. Raelene ta shimfiɗa na Tegan a kan teburi. Goma, goma, goma, ga tara guda ɗaya a fili ba musu. Sai wani rami a ƙasa, a daidai gefen layin goma, wanda ba a iya cewa ya taɓa ko bai taɓa ba. In ya taɓa, Tegan ta zubar da ɗaya, ta ci. In bai taɓa ba, biyu da biyu ne, gurbin ya zauna inda yake.

Ga irin wannan akwai 'yar ƙusar awo mai faffaɗan kai, daidai faɗin harsashi. Sau ɗaya tak ake zura ta a rami, in gefen kanta ya taɓa layi an ba da maki na sama, kuma mai ƙirga ne yake yanke hukunci. Raelene ta zura ta a hankali, a miƙe. Lyall ya sunkuya ya duba, ya cire tabarau ya mayar, ya ce shi dai a ganinsa akwai ɗan fari a tsakani. Wasu biyu suka leƙa suka ce haka ne, tara ce. Tegan ma ta leƙa, ta ce tara ce, Rae, ta ji lokacin da ta sake shi bai yi mata daɗi ba, a rubuta kawai.

Raelene ta ja katin zuwa hasken taga, ta ɗora gilashi, ta sunkuya. Ta daɗe a haka. Farin da suke gani a gefen hagu yake, tsakanin kan ƙusar da layin, amma can ƙasa kaɗan, inda takardar ta lotsa, ƙarfen yana zaune a kan baƙin layin, da abin da bai fi kaurin gashi ba. Ta gani sarai, kuma ta san duk rumfar nan ba wanda ya gani sai ita.

"Goma ne," ta ce.

Lyall ya ce ta tabbata? Ta ce ya zo ya tsaya inda take tsaye, ya duba ƙasa, ba hagu ba. Ya zo ya duba, ya daɗe, sannan ya ce eh, to, lallai, ya taɓa. Ta ɗauki biro ta rubuta an zubar da ɗaya, ta sa hannu da cikakken sunanta. Zuciyarta ta yi nauyi, don shekara talatin ce ta ƙare a kan wannan teburin, tsakanin kofunan shayi, kuma ba ta yi wa kanta ƙaryar cewa ba ta ji zafi ba.

Tegan ta tsaya a gabanta, idonta ya cika da hawaye. Raelene ta kwance notin gefe, ta zaro kayan cikin, ta nuna mata ramin baya, ta sa ta zura sabuwar sandar da hannunta har sau uku. Sannan ta rufe akwatin, ta tura mata shi a kan teburi, ta ce Lyall ya kawo takardar aro su cike.

"Ranar da kuka dawo daga Adelaide nake son ganinta a gidana," ta ce. "Ki nemi taki kafin baɗi, 'yar nan, don baɗi ba na ba kowa aro."